Yadda Goggo Tabawa Ta Raba Ni da Tozo

Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya gai da Goggo Tabawa ya san gaisuwarta ba ta tsayawa a inda ta mutane take tsayawa. Za ku yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, duk lafiya lau. Kana shirin miƙewa sai ta cafke gefen rigarka, ta sunkuyo kamar za ta gaya maka asiri, amma da muryar da na zaure ma zai ji:

"To, ka zaga kuwa yau?"

In ka ce e, ba ka tsira ba: "Da sauƙi, ko sai da aka yi nishi?" In kuwa ka ce a'a, ka shiga uku, don sai ka lissafa mata duk abin da ka zuba wa cikinka tun shekaranjiya.

Ga shi nan, ku da kuka san ta har kun fara dariya. Ku kuma da aka haifa bayanta, bari in gaya muku ko wace ce. Yayar mahaifina ce, 'yar firit da ita, ga saurin tafiya kamar an aike ta. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, sai ta mai da mu duka nata. Ni da yake sunan mahaifinta aka sa min, ba ta kama sunana, Babana take ce min, har na girma na yi iyali.

Tambayar nan ba ta bar kowa ba. Akwai ranar da ta yi targaɗe a ƙafa, Liman ya shigo duba ta. Ya yi mata addu'a, aka shafa, yana neman takalmansa sai ta jefa masa. Ni ina gefe, na rasa inda zan sa kaina.

Liman ya yi gyaran murya, ya ce, "Tabawa, wannan kam ba ta cikin gaisuwar da aka koya mana."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ɗakina a bayan masallaci yake. Da can dogayen surori kake ja mana da asuba. Kwana uku ke nan gajeru kake yi, muryar kuma a matse take fita. Na ce a raina, wannan muryar mai cushewar ciki ce."

Liman ya dube ni, ya dubi ƙofa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Huɗu ne."

Ta sa aka kai masa rabin gwanda nunanniya da ƙoƙon jiƙon tsamiya. Ba a yi kwana biyu ba dogayen surori suka dawo, har da ƙari. Masu sammakon zuwa ban ruwa suka riƙa biyowa ta ƙofarta suna cewa, "Goggo, ke kika ja mana!"

Amma ba haka kawai ta tashi da wannan hali ba. Mijinta, Malam Garba, dillalin shanu ne, ƙato, mai son nama kamar me. Kullum ya dawo kasuwa da ƙullinsa, ita kuma ta tsince masa wurin da ya fi kitse, don a lokacin haka ake nuna wa miji ƙauna. Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya fara isowa gonakinmu, wata safiya ya sunkuya zai gyara tiyo a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan, sai ya dafe ƙirji ya zauna. Kafin a kawo masa ruwa rai ya yi halinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi masa. Goggo ta ce, "Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma ina so in san ta wace ƙofa aka shigo."

Tana fita takaba ta taka da ƙafa har Kura, ta sami benci a ɗakin shan magani ta zauna, sai da kowa ya watse. Mai kula da wurin wani dogon mutum ne mai haƙuri, Malam Dispensa kowa yake ce masa. Ya ce, "Iya, me yake damun ki?"

Ta ce, "Lafiyata ƙalau. Tambaya ce take damu na."

Ya saurare ta tsaf. Ya ce shi bai duba mamacin ba, ba zai rantse ba, amma alamun sun yi kama da na zuciya. Ya ce ita kanta zuciya tana da 'yan ƙananan jijiyoyin da suke kai mata jini, kuma yawan jan nama da kitse da gishiri, in aka daɗe ana yi, yakan sa su cushe a hankali, mutum bai sani ba. Ya ce shi naman ma in ba a haɗa shi da ganye da wake da 'ya'yan itatuwa ba, sai ya yi zaune a hanji, don su ne suke da ɗan zare-zaren nan da ɓawo masu tura abinci ya wuce.

Goggo ta ce, "Ka gani da idonka?"

Ya ce, "A littafi na gani."

Ta ce, "To ni ban iya littafi ba. Sai na gani da nawa."

Daga baya ta sha gaya min: "Shekara talatin ina zuba wa bawan Allahn nan kitse, ban taɓa tambayarsa yadda yake kwana da shi ba. Wai kunya!" Daga ranar ta naɗe kunyar ta ajiye, ta kuma daina cin jan nama gaba ɗaya, alhali ba wanda ya ce mata ta daina. Ta dasa gwanda da gwaiba da lemo a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, ta shiga binciken cikin mutane.

To, a farkon shekarun tamanin ɗin nan noman rani ya buɗe min. Tumatir, albasa, alkama, duk abin da na sa sai ya yi. Motoci suna lodi suna yin Kudu. Na je Makka na dawo, na sayi babur, tumbi ya fito, wuya ya yi kauri. Da safe balangu a kasuwar tumatir, da rana shinkafa da miyar da maiƙo yake yawo a kanta, da la'asar kuma ina kan bencin Sale mai tsire a Kura. Sale ya san halina, tozo yake ware min, kitsen nan na doron sa mai narkewa a baki. Gwaiba da gwanda kuwa, ni a wurina abincin yara ne da tsuntsaye.

Wata Babbar Sallah na ɗaure rago wata bakwai a turke. Dusa, harawa, ragowar tuwo, ba abin da bai ci ba, har ya kai in ya tashi tsaye sai ya yi ta haki. Maƙwabcina Malam Hudu kuma nasa ragon sakakke ne, yini yake yana kiwo a gefen kanal, siriri da shi kamar barewa. Aka yi yanka, aka yi fiɗa. Ashe Goggo ta bi gidajen nan biyu ta ce a ara mata zuciya. A ara fa!

Ina zaure da baƙi cike, ana ta barka da Sallah, sai ga ta da kwano rufe da faifai. Ta dire a gabana ta buɗe. Zukata biyu: ɗaya jawur, tas da ita, ɗayar kuma farin kitse ya lulluɓe ta kamar ta yafa bargo.

Ta ce, "Babana, nuna min taka."

Na ce, "Ga ta ragona nan, mai kitsen. Ai kiwo ya yi kyau."

Ta ce, "Ba ta ragonka na ce ba, taka na ce. Jiya na gan ka ka hau gefen kanal, hakin da ka yi da nasa ba bambanci."

Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuwa na ji ba zan faɗi a gaban baƙi ba. Na ce, "Goggo, tsaya. Kullum kina cewa nama ne yake kawo kitse a zuciya. To ragon nan yaushe ya ci nama? Dusa ya ci!"

Aka yi tafi, aka ce Alhaji ya kama ta. Na zaci za ta yi fushi. Ina! Sai ta ƙura wa zukatan nan ido, ta ce, "Af! Wallahi gaskiyarka. To me ya kawo shi?" Ta mai da faifai ta rufe, ta ɗora kwano a ka, ta kama hanyar Kura. Ranar Sallah, da tsakar rana! Ta je ta taso Malam Dispensa daga cikin iyalinsa.

Da la'asar ta dawo, ƙafafu futu-futu, fuska cike da murna. Tun daga ƙofa take magana: "Ya ce rago daban, mutum daban. Amma zama wuri ɗaya da cin abin da ya fi ƙarfin jiki, wannan kam kai da ragonka duk ɗaya ne. Kuma ya ce ba kitsen da ake gani a waje ne ya fi haɗari ba, wanda yake laɓewa a cikin jijiya ne. Sannan ya ce kitsen da ragon ya tara wata bakwai, in ka zauna ka cinye shi a sati ɗaya, ai ka san inda zai koma."

Malam Hudu, da yake ta jira tun hantsi, ya ce, "To Goggo, ina zuciyata?"

Ta ce, "Na bar wa Dispensa, ladan tambaya."

Har Malam Hudu ya koma ga Allah yana cewa Goggo Tabawa ta tafi da zuciyarsa ba ta dawo da ita ba. Mutanen gari kuwa suka sami abin tsokana, kullum sai an tambaye shi yaushe za a ɗaura.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gwajin da ta yi a kan 'yan ƙwadagona. Lokacin tsinkar tumatir ne, na ɗauki 'yan ci-rani takwas, magidanta daga can arewa, babbansu wani mai barkwanci ana ce masa Mati. Goggo ta ce bana ita za ta riƙa yi musu girki, ta hutar da mai ɗakina Binta. Na yi murna, ban san da manufa ba.

Ta raba su gida biyu. Huɗu ta riƙa ba su tuwo da nama safe da yamma, naman kuma daga rabona take ɗiba. Huɗun Mati kuwa wake, kwaɗon zogale, gwanda da gwaiba. Kowace safiya tana tsaye a bakin rumfarsu kafin su fita, tana bin su ɗaya bayan ɗaya da tambayarta.

Ranar farko Mati ya leƙa kwanon 'yan nama, ya leƙa nasu, ya ce, "Goggo, mu wane laifi muka yi?"

Ta ce, "Ba ku yi laifi ba, ku ne 'yan gata. Nan da kwana huɗu za ka gane."

Kuma abin mamaki, haka aka yi. Rana ta huɗu 'yan nama suka fara tafiya a sanɗare, sunkuyo ya zama aiki. Ɗayansu ya kira ni gefe ya ce cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Su Mati kuwa sai tsalle suke tsakanin kunya da kunya, suna waƙa. Goggo ta riƙa bin gida-gida tana ba da labari.

Rana ta shida komai ya rushe. Na iso gona da hantsi, mota tana bakin hanya tana jiran lodi, tumatir ya nuna jajir, amma ɓangaren su Mati ba kowa sai kwanduna a kife. Can sai ga shi ya ɓullo daga cikin ciyawa, yana riƙe da mazagin wando, idanu sun faɗa.

Ya ce, "Alhaji, ka tambayar min Goggo, ci-rani na zo ko zagaye? Tun safe ban cika kwando ɗaya ba, amma na san duk wata bishiya da take tsakanin nan da Bunkure!"

Gudawa ce ta kama su su huɗun. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tumatir ba ya jiran kowa, ranar nan da yawa ya lalace a gona. Na tafi gida da niyyar yau sai na gaya wa Goggo magana. Na tarar har ta haɗa musu ruwan gishiri da sukari yadda Malam Dispensa ya koya mata, ta aika musu, ta zauna ta yi tagumi. Na zaci nadama take yi. Ashe lissafi take.

Ta ce, "Babana, kwana biyar suna cin gwaibar nan lafiya. Me ya sake jiya?"

Na ce, "Goggo, tumatir ɗina..."

Ta ce, "Bari ta tumatir. Jiya guga ya faɗa rijiya. Da na rasa ruwa, a kanal na wanke gwaibar, ƙasa da inda ake wanki, inda shanu suke sha."

Kun san abin da matar nan ta yi? Ta tsinko gwaiba biyu, ta je daidai wurin ta wanke, ta zauna ta cinye. Da gangan! Binta tana roƙonta, ni ina roƙonta, ta ce ita ba za ta ɗora wa ruwa laifi ba shaida ba. Kwana biyu ta yi tana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida, tsohuwa da ita, har muka tsorata. Rana ta uku ta fito tana dafa bango, ta zabge, murya ba ta fita, amma tana murmushi.

Ta ce, "Na gano. Gwaiba ba ta da laifi."

Malam Dispensa da ya ji sai da ya yi mata faɗa sosai, ya ce irin wannan gwaji yana kisa. Ita dai daga ranar ba a ƙara wanke abin ci da ruwan kanal a gidanmu ba. Su Mati kuwa da shekara ta zagayo suka aiko da saƙo: za su zo, amma a gaya musu tun yanzu wane ɓangare za a sa su.

Duk wannan ina gani, ina dariya, ina cin tozona. Na ɗauki abin Goggo rikicin tsufa ne. Ciwon kai da nake yi na ce rana ce. Basir da ya matsa min na ce zaman babur ne.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana ana tsakiyar zafi, ina kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya ina tsaye a kan masu lodi, sai na ji kamar an ɗora min buhun albasa a ƙirji. Hannun hagu ya yi sanyi, gumi ya karyo min, numfashi ya ƙi kaiwa ƙasa. Na zauna daɓas a tsakanin kwanduna. Wallahi abin da ya fara faɗo min a rai Malam Garba ne a bakin kanal. Sai kuma 'ya'yana, babbansu bai gama firamare ba.

Aka sa ni a a-kori-kura sai asibiti a Kano. Yadda labari ya kai wa Goggo ban sani ba, na dai buɗe ido na gan ta a bayan motar, ta rungume buta da tabarma.

Likitan da ya duba ni matashi ne, ɗan fara'a. Bayan kwana biyu ya tsaya a kaina ya ce, "Alhaji, jininka ya hau sosai, zuciyarka kuma gargaɗi ta yi maka. Ba kowa take yi wa ba, wani sai dai a ji ya faɗi." Ya ce magani kullum, ba fashi. Ya ce in rage jan nama sosai, kitse kuwa in rabu da shi, a rage gishiri. In koma kifi, wake, ganye, 'ya'yan itatuwa, in riƙa tafiya da ƙafa.

Ina jira Goggo ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Idonta yana kan robar nan da likitoci suke ratayawa a wuya.

Ta ce, "Likita, ɗan nan, da wannan kake jin ta?"

Ya ce, "Da shi, Iya."

"Ara min."

Ya yi dariya, ya sa mata a kunne, ya ɗora ɗaya bakin a ƙirjina. Jama'a, ban taɓa ganin Goggo ta yi shiru irin na ranar ba. Ido ya fito, baki a buɗe. Shekara nawa tana bin zuciya da tambaya, ba ta taɓa jin motsinta ba.

Can ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka take fama? Ba dare ba rana?"

Ya ce, "Tun kafin a haifi mutum."

Ta ɗora a nata ƙirjin ta saurara. Ta ɗora a na mai jinyar gadon kusa. Sannan ta ce likita ya matso, ta ɗora a nasa. Ta ɗan jima, ta ɗago ta ce, "Taka da sauri take. Me ka karya da shi?"

Ya ce, "Shayi da burodi."

Ta girgiza kai, ta zaro gwaiba daga ƙullin zaninta ta sa masa a aljihun farar rigarsa, ta ce, "An wanke da ruwan rijiya." Ma'aikatan jinya suka juya baya suna ƙyalƙyatawa.

Da suka fita ta jawo tabarma kusa da gadona. Ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Babana, wancan na binne shi ban san abin da ya ci shi ba. Kai na sani. In ajalinka ne ba ni da ta cewa. Amma in ka kai kanka saboda doron sa, ni da kai har gaban Allah."



Muna dawowa ta kwaso kayanta ta tare a gidana, ta haɗa kai da Binta. Nama ya koma tsoka biyu marar kitse, ranar Juma'a kawai. Na ce ita fa da ta daina gaba ɗaya? Ta ce nata rantsuwa ce, nawa magani ne, likita ragewa ya ce. Sauran kwanaki tarwaɗa ko karfasa, wake, miyar zogale. Da safe gwanda, da rana lemo ko gwaiba ko kankana, in lokacin mangwaro ne mangwaro. Makullin babur ta ɗaure shi a bakin zaninta, gona sai a ƙafa. Ita take miƙo min ƙwayar magani, ta tsaya sai ta ga maƙogwarona ya motsa.

Gaskiya ɗaya ce, cikin 'yan watanni na ji ni wani daban. Tumbi ya sauka, basir ya yi sauƙi, ina hawa gefen kanal ba haki. Duk sanda na je awo Malam Dispensa ya ce jinin yana sauka. Amma kwaɗayi fa bai sauka ba!

Wata la'asar na ce zan je duba famfo, na tari mota sai Kura. Na zauna a bencin Sale, na ce, "Ware min kamar da."

Sale ya ja tirensa baya. Ya ce, "Alhaji, ka rufa min asiri."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Goggo ta zo tun kana asibiti... a'a, washegarin da kuka dawo. A nan inda kake ta zauna, tun da na hura wuta har na kashe. Duk wanda ya tsaya zai saya sai ta tambaye shi ko ya zaga. Har wani mai kaki! Ranar nan da kayana na koma gida. Ta ce in na kuskura na ba ka ko tsinke ɗaya, kullum a nan za ta yini."

Na yi magiya, ya rantse. Sai na ce to ai ba Kura ce kaɗai take da tukuba ba. Ranar kasuwar Bunkure na sulale, na sami wani mai tsire da bai san ni ba, na laɓe bayan wata mota na cinye tsinke uku. Na wanke baki, na tauna goro, na karkaɗe gemu. Na shigo gida da sallama irin ta mutumin kirki.

Goggo tana tsakar gida tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai magen gidanmu ta taso, ta zagaya ni, ta miƙe tsaye ta kama hannun rigata tana lasa, tana kuka. Na ture ta, ta dawo.

Goggo ta ce, "Ni dai ban ce komai ba. Mage ce ta kawo ƙara."

Binta ta shige ɗaki tana toshe baki. Na tsaya kamar ɓarawon da aka kama da kaza a hammata.

Ta ce, "Tsinke nawa?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta dubi magen, ta dube ni.

Na ce, "Uku."

Ta ce, "To madalla, tunda ka riga ka ci kada ya tafi a banza. Gobe da safe ka zo ka gaya min yadda ka kwana da shi, daki-daki." Kuma na je. Ƙwannafi, nauyin ciki, duk na zayyana mata, tana gyaɗa kai kamar alƙali. Wannan zaman ya fi min duka ciwo, ban ƙara ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ɗin jikinta ya fara saki. Ba wata cuta takamaimai, tsufa ne kawai. Da damina ta kwanta, kullum tana ƙara ƙanƙancewa a kan gado. Wata la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ta sa aka kira ni.

Ta ce, "Babana, je ka Kura ka sayo min tsire. Na tozo."

Na dubi Binta, na zaci hankalin ne ya fara gushewa. Ta ce, "Da hankalina. Na yi kaffarar rantsuwata tun jiya, tambayi matarka. Shekara goma sha ina yaƙi da abu, har na manta kamanninsa. Ina so in tuna."

Na je. Sale ya ce, "Tarko ne!" Sai da na rantse masa sau uku, na ce masa tana kwance ne, jiki ya yi nisa. Ya zaɓi tsinke mafi kyau, ya gasa da kansa a hankali, ya naɗe, ya ce in ce mata Sale yana gaisuwa.

Binta ta tallafe ta ta zauna. Haƙora sun ƙare, sai ta ɗan gutsiri kitsen ta sa a baki tana tsotsa, ido a rufe. Muka zuba mata ido. Can ta buɗe ido ta ce:

"Kai! Ashe da gaskiyarku. Ja'irin abin nan da daɗi yake!"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, mu ma muka yi. Sannan ta turo min ragowar, ta ce, "Cinye. Yau ɗaya na yafe maka."

Na karɓa. Ga tozo a hannuna, da zafinsa, da izininta, amma wallahi na kasa kai shi baki. Na zauna riƙe da shi har ya huce, ita kuma ta riƙe ɗaya hannun nawa har barci ya ɗauke ta. Kwana biyu bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, ta cika.

Yau ga ni, na aurar da 'ya'yan da na zaci zan bari a firamare, na goyi 'ya'yansu a kafaɗa. Rai na Allah ne, amma na san ta hannun wa Ya bi.

Allah Ya jiƙan Goggo Tabawa, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta. Ya haɗa ta da Malam Garba a inuwar Aljanna, inda ba ciwo, ba fargaba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.